Ƙarar da kunne zai iya ɗauka a mako guda

Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da lasifika a wurin wasan mawaƙa ya san abin da ke biyo baya. An tashi, an fito waje, abokinka yana yi maka magana amma muryarsa kamar daga cikin rijiya take fitowa. Ka kwanta, ɗaki ya yi tsit, sai ka ji wani siririn kuka, ziii, wanda ba daga ko'ina yake zuwa ba. Zuwa gobe ko jibi ya ɗauke, sai ka ce ai komai ya wuce. Likitocin kunne kuwa suna ɗaukar wannan dushewar ji da wannan kuka a matsayin shaidar cewa an ɗora wa kunne abin da ya fi ƙarfinsa. An ce jiki magayi, to amma kunne ba ya saurin faɗa. Ba ya ciwo sai ƙara ta kai wajen desibel 120, alhali ɓarna tana farawa tun nesa da nan.

Da desibel ake auna ƙarfin sauti. Raɗa tana wajen 30, hira ta yau da kullum wajen 60, babban titi mai cunkoson motoci 80 zuwa 85. Wurin wasan kiɗa yawanci yana tsakanin 100 da 110, a gaban lasifika ma yakan zarce. Mutum zai duba ya ce tsakanin 80 da 100 ai ba wata tazara, a nan ne kuma lissafin yake ruɗar mutane. Ƙarin desibel 3 kacal yana ninka ƙarfin sautin sau biyu. Ƙarin 10 ninki goma ne, ƙarin 20 ninki ɗari. Mugun abin shi ne, idan aka ƙara 10, kunne yana jin kamar ninki biyu kawai aka yi. Kenan ba za ka iya dogara da yadda ka ji ba.

A shekarar 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya, WHO, da Hukumar Sadarwa ta Duniya, ITU, sun fitar da ma'auni: baligi zai iya sauraron desibel 80 na awa 40 a mako, yara kuma desibel 75 na tsawon wannan lokaci. Wannan shi ne kason makonka. Duk sanda ƙara ta hau da 3, lokacin ya ragu da rabi. A 83 awa 20 ne, a 86 awa 10, a 90 awa 4. A 100 kason mako gaba ɗaya bai wuce minti 24 ba. Wasan awa uku a kan desibel 100 ya cinye kason mako bakwai da rabi a dare ɗaya, idan kuma 103 ne, mako goma sha biyar. Ma'aunin wuraren aiki na cibiyar NIOSH ta Amurka ya ɗan fi sassauci, desibel 85 na awa 8 a yini, amma shi ma da an kai 100 minti 15 kawai ya yarda. Kuma kunne ba ya ware asusu daban-daban. Ƙarar inji a wurin aiki, ta babur, ta janareta, ta iyafis, duk daga jaka ɗaya ake cira, kiɗan da kake so da hayaniyar da ka tsana kuɗinsu ɗaya.

Abin da ke lalacewa a ciki

Sauti yana bin ramin kunne ya girgiza dodon kunne, dodon ya miƙa girgizar ga wasu ƙananan ƙasusuwa uku, na ƙarshensu shi ne ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam. Shi yake tura ruwan da ke cikin wani bututu mai naɗi kamar katantanwa. A cikin wannan bututu akwai ƙwayoyin halitta kusan 16,000, kowacce da 'yan tsirarun gashi a kanta. Ruwa ya motsa, gashin ya lanƙwasa, saƙo ya bi jijiya zuwa ƙwaƙwalwa. Da waɗannan aka haife ka, su ne kuma za ka mutu da su. Tsuntsu da kifi suna sake tsirar da nasu idan sun lalace, mutum ba ya yi.

Idan ƙara ta yi yawa, ƙwayoyin suna aikin da ya wuce kima, gashinsu ya kwanta, wasu gurɓatattun sinadarai su taru a cikinsu. Wannan ne dushewar da ake ji bayan an tashi daga wasa. In an ba su hutu, yawancinsu sukan miƙe cikin kwana ɗaya ko biyu. In an maimaita kafin su farfaɗo, ko ƙarar ta yi tsanani sosai, wasu su mutu. Akwai 'yar tsoka a tsakiyar kunne da ke ɗaurewa idan ta ji ƙara, amma kariyarta kaɗan ce, ba ta da saurin tare sautin da ya zo kwatsam, kuma tana gajiya.

Ko dawowar jin ma ba ta nufin komai ya koma yadda yake. A 2009 Sharon Kujawa da Charles Liberman na jami'ar Harvard sun nuna a jikin ɓeraye cewa bayan awa biyu cikin ƙara mai ƙarfi, gwaji ya nuna jinsu ya dawo daidai, amma mahaɗai masu yawa tsakanin ƙwayoyin gashin da jijiyar ji sun tsinke, ba su kuma koma ba.

Ɓarnar ba ta farawa da kakkauran sauti. Ƙwayoyin da ke karɓar siririn sauti su ne a bakin katantanwar, kuma ramin kunne da kansa yana ƙara wa sautukan da ke wajen hatz 3,000 ƙarfi (hatz shi ne ma'aunin kauri ko sirantar sauti). Shi ya sa a takardar gwajin ji ake ganin wani rami a wajen hatz 4,000, alamar da masu gwaji suke gane kurumtar ƙara da ita. Su kuwa siraran sautuka su ne baƙaƙe irin su s, f, sh da ts. Mutum yana jin ana magana, muryar ma da ƙarfinta, amma ya kasa raba fata da sata, shara da sara, tsoro da soro. A ɗaki shiru yana cike gurbin da hankali. A cikin taro, inda kowa ke magana, sai ya koma gyaɗa kai da murmushi, yana zargin mutane da cewa sun daina buɗe baki. Shekaru sukan wuce kafin ya yarda cewa matsalar daga wurinsa take.

A wurin wasa

WHO ta fitar da ƙa'idar wuraren kiɗa a watan Maris na 2022: matsakaicin ƙara kada ya wuce desibel 100 a kowane minti 15, a riƙa aunawa, a samar da matoshin kunne, a ware wurin hutawa mai shiru. Faransa tun 2017 ta sa dokar desibel 102, ta kuma wajabta wa manyan wurare ba da matoshi kyauta. Ka lura, ko a inda ake bin ƙa'idar sau da ƙafa, 100 ɗin nan ita ce mai cinye kason mako cikin minti 24. An tsara ta ne da tunanin mutum ba kullum yake zuwa ba. Wanda ke zuwa duk ƙarshen mako, ko yake aiki a wurin, dole ya kare kansa da kansa.

Gwaji mafi sauƙi ba ya buƙatar na'ura. Idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye tazarar hannu ɗaya da kai ya ji ka, ƙarar ta kai 85 ko ta wuce. Idan sai ka yi ihu a cikin kunnensa, kana wajen 100. Wannan ihun ma wata ɓarnar ce, domin baki a manne da kunne lasifika ne mai zaman kansa.

Wurin tsayuwa yana da tasiri. A fili, duk sanda ka ninka tazararka da lasifika, ƙara tana sauka da kusan desibel 6. Daga mita 2 zuwa mita 8 ka rage 12 kenan, ba ka kashe ko sisi ba. Sai dai a manyan wasanni ana rataya lasifiku a dogon jeri da aka ƙera don jefa sauti nesa, saukar ba ta kai haka ba, kuma akan kafa wasu a tsakiyar jama'a. Ka ɗaga kai ka duba, kada ka gudu daga na gaba ka je ka tsaya a ƙarƙashin na baya. A cikin zaure bango yana mayar da sauti, kusurwa kuma tana tara kakkauran amo. Wurin da ya fi dacewa shi ne kusa da teburin mai haɗa sauti, don daga nan yake daidaita komai, kiɗan ma a nan ya fi fita tsaf.

Sai matoshi. Na soso shi ne ya fi yawa, kuma ya fi kowanne rage ƙara idan an sa shi daidai, amma mafi yawan mutane ba sa sa shi daidai. Suna tura shi a bakin kunne kamar an toshe kwalba, rabinsa a waje, ya yi ta leƙe. Ga yadda ake yi. Da hannu mai tsabta, ka murza shi tsakanin babban yatsa da manuni, a hankali da farko sannan da ƙarfi, har ya zama siriri sumul ba tare da ya yi ninki ba, domin ninki hanya ce da sauti zai bi. Ka zagaya da ɗaya hannun ta saman kai, ka kama saman kunnen, ka ja shi sama da baya. Ramin kunne a lanƙwashe yake, wannan jan ne ke miƙar da shi. Ka zura da sauri kafin soson ya kumbura, ka dafe shi da yatsa na daƙiƙa 20 zuwa 30. Za ka ji duniya tana rufewa sannu a hankali yayin da yake cika ramin. Idan ya zauna, wanda ke kallonka ta gaba da ƙyar zai hango shi, muryarka kuma za ta yi maka kauri. Ka rufe kunnuwan da tafin hannu ka buɗe. In ƙarar ta canza sosai, bai zauna ba, cire ka sake.

A jikin fakitin za ka ga lambar da ke nuna yawan desibel ɗin da matoshin yake ragewa, ana kiranta NRR a kayan Amurka, SNR a na Turai. Na soso yakan nuna 29 zuwa 33. Wannan sakamakon ɗakin gwaji ne. Hukumar OSHA ta Amurka, mai kula da lafiyar ma'aikata a wuraren aiki, tana ba da shawarar a cire 7 sannan a raba biyu don a kusanci abin da mutane ke samu a zahiri: 33 ta koma 13. Kada wannan ya sa ka raina shi. Desibel 100 da aka rage wa 13 ta zama 87, kason mako ya tashi daga minti 24 zuwa wajen awa 8.

Ƙorafin masoya kiɗa a kan soso gaskiya ne. Yana yanke siririn sauti fiye da kakkaura, sai waƙa ta koma kamar ana yin ta a bayan bango. Domin haka aka ƙera matoshin makaɗa, mai ɗan mataci a tsakiya wanda ke rage kowane sauti kusan daidai wa daida. Kamfanin Etymotic ne ya fara fitar da irinsa a 1988. Akwai na silikon mai tudu biyu ko uku kamar 'yar bishiya, wanda ke rage tsakanin 12 da 20, akwai kuma wanda ake ɗaukar siffar kunnen mutum a zuba masa nasa, da mataci na 9, 15 ko 25 da ake iya sauyawa. Ga mai kallo, 15 zuwa 20 ya wadatar. Mai ganga da wanda ke tsaye a gabansa 25 suke buƙata. A ganinmu matoshin da ke rage 15 wanda za ka bari a kunne dare gaba ɗaya ya fi na 30 da za ka yi ta cirewa don ya hana ka jin daɗi.

Dalilin yana cikin lissafi. A ce matoshinka yana rage 25, wasan awa uku ne, sai aka zo kan waƙoƙin da ka fi so ka cire shi na minti 18, kashi ɗaya cikin goma na lokacin. Kariyar daren gaba ɗaya ta faɗo daga 25 zuwa 10. A desibel 100, waɗannan mintuna 18 kaɗai sun cinye kashi uku cikin huɗu na kason makonka, kuma galibi lokacin manyan waƙoƙin ne ake ƙure ƙarar. Ka sa shi tun kafin ka shiga, kunne ya saba da shi cikin 'yan mintuna. Wanda ya bari sai da kunnensa ya riga ya dushe sannan ya sa, zai ji kamar an kashe kiɗan. Dukan da kake ji a ƙirji yana nan, matoshi ba ya taɓa shi.

Auduga da takardar goge hannu ba sa rage abin a zo a gani, suna dai sa mutum ya saki jiki ya ƙara matsawa gaba. Yara ƙanana a sa musu marufin kunne mai kama da hedifon, domin ramin kunnensu ƙarami ne kuma suna iya haɗiye matoshi. Wajen cirewa, a murɗa a hankali, musamman na silikon, kada a fizge. Soson da ya yi datti ko ya daina kumbura a yar da shi.

Kafin ka fita, ga wata dabara. Ka kunna wani shiri na magana a waya, ka rage murya har inda da ƙyar kake gane kalmomin, ka lura da inda ma'aunin ya tsaya. Da ka dawo, a ɗaki ɗaya, ka sake kunnawa a daidai wurin. In ba ka gane abin da ake faɗa ba, kunnenka ya sha wuya, ka ba shi aƙalla yini guda cur babu iyafis, babu ƙara.

Iyafis da hedifon

Wasa na dare ɗaya ne, iyafis kuwa kullum ne, shi ya sa WHO ta ce matasa sama da biliyan ɗaya 'yan shekara 12 zuwa 35 suna cikin haɗarin rasa ji saboda yadda suke sauraro. Waya da iyafis na yau da kullum, in an ƙure, suna iya kaiwa desibel 100 zuwa 110. Tarayyar Turai ta sa na'urorin da ake sayarwa a can su tsaya a 85, in mutum ya matsa ya wuce su gargaɗe shi, su sake gargaɗin bayan awa 20 na sauraro, kuma kada su haura 100. Wannan saƙon da ke fitowa a fuskar waya mutane suna danna amincewa ba su karanta ba, daga nan ya samo asali.

Shawarar da aka fi yaɗawa ita ce kashi 60 cikin ɗari na murya, minti 60, sannan a huta. Mafari ne mai kyau, amma kashi 60 ba lamba ɗaya ba ce a ko'ina. Iyafis biyu a waya ɗaya, ma'aunin murya a wuri ɗaya, suna iya bambanta da fiye da desibel 10. Gara ka bar wayar ta yi maka lissafi. A iPhone, cikin saitin sauti akwai sashen Headphone Safety, inda za ka ɗaure ƙara a tsakanin desibel 75 da 100, manhajar Health kuma tana ajiye abin da ka saurara a mako. Lissafin ya fi daidai da kayan Apple da Beats, da sauran kiyasi ne. Wayoyin Samsung suna da Media volume limit a cikin saitin murya, har da lambar sirri, abin da ke da amfani ga wayar yaro. In wayarka tana nuna desibel, ka ɗaure a 80 ko 85 ka manta da shi.

Ainihin abin da ke sa mutane ƙure murya shi ne hayaniyar da ke kewaye da su. A ɗaki shiru kusan kowa yana sauraro a matakin da ba shi da illa. Da an shiga bas, jirgi ko wurin motsa jiki, sai yatsa ya fara hawa don waƙa ta rinjayi inji. Maganin shi ne a rage hayaniyar da ke shigowa. Iyafis mai tauri da ke zama a bakin kunne ba ya tare komai, kuma kakkauran sauti yana zurarewa ta gefensa, sai ka ƙara murya kana neman dukan da ya tsere. Mai kan roba da ke shiga ramin ya fi. Yawanci yana zuwa da kawuna uku, ƙarami, matsakaici da babba, mutane kuma suna barin wanda suka tarar a jiki. Gwada dukansu, kowane kunne daban, don ba lallai girmansu ya zo ɗaya ba. Wanda ya dace za ka gane shi: hayaniyar waje ta faɗi, dukan ganga ya cika.

Masu kashe hayaniya da lantarki suna da ƙananan makirfo da ke sauraron waje, su fitar da kishiyar sautin ya soke shi. Sun ƙware a kan gurnani mai ɗorewa irin na inji da fanka, ba su kai haka ba a kan muryoyi da ƙarar da ta zo kwatsam, kuma yawancinsu ba a ƙera su don maye gurbin matoshi a wurin wasa ba. Amfaninsu yana fitowa ne idan ka rage murya bayan ka kunna su. A bakin titi kuwa a kashe, ƙahon mota ya fi waƙa muhimmanci.

Akwai 'yan kura-kurai da ke yawo. Ana cewa in na kusa da kai bai ji abin da kake saurara ba, to lafiya. Wannan yoyon iyafis yake aunawa: mai rufewa ruf zai iya kai 100 ba wanda ya ji, buɗaɗɗe kuma yana yoyo ko a 70. Sa kunne ɗaya ma ba sauƙi ba ne, domin kunne biyu tare suna jin sauti ya fi ƙarfi, mai kunne ɗaya sai ya ƙara murya ya jibga wa ɗayan duka nauyin. Mawaƙan da ke zare abin sauraro ɗaya a kan dandamali suna faɗawa wannan tarko. Hedifon mai aika sauti ta ƙashin kai shi ma katantanwar nan yake girgizawa, lissafin bai canza ba. Mai kwana da iyafis ya sa agogon da zai kashe sautin bayan minti 30. Sannan akwai hawan sannu-sannu: bayan awa ɗaya kunne ya gaji, waƙar ta yi kamar ta ragu, ka ƙara ɗaya, can ka ƙara wani. Duk sanda ka ji sha'awar ƙarawa alhali ba abin da ya canza a kewayenka, lokacin cirewa ne na minti biyar ko goma.

Kukan kunne ko dushewar da ta wuce kwana biyu tana buƙatar likitan kunne, haka ma idan ƙarar cokali a faranti ko kukan yaro ta fara yi maka zafi. Gwajin ji ba ya ciwo kuma ba ya ɗaukar lokaci: ana sa maka hedifon a ɗaki shiru, ana kunna sautuka daga hatz 250 zuwa 8,000, kana danna maɓalli in ka ji. Makaɗi, mai haɗa sauti da duk mai aiki a wurin kiɗa ya yi shi sau ɗaya a shekara, ya ajiye takardar farko don a riƙa kwatantawa. Mai shan magunguna irin su gentamicin, streptomycin ko cisplatin ya ƙara nisantar ƙara, domin su ma waɗannan ƙwayoyin gashin suke taɓawa. Idan kuwa kunne ɗaya ya ɗauke kwatsam, cikin awoyi ko ka wayi gari da shi haka, kada ka zauna kana cewa dauɗa ce ta toshe shi, kada kuma ka soka masa tsinken auduga. A je asibiti a ranar. Maganin da ake bayarwa, na rukunin sitiroyid, ya fi aiki a kwanakin farko, bayan mako biyu damar dawo da jin tana raguwa sosai.